Zafi ne ya kayar da Baba, ko hawan jini?

"Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Haɗeja. A bazarar da ta wuce mahaifina, wanda ya haura shekara 70 kuma yana shan maganin hawan jini, ya yanke jiki ya faɗi a zaure bayan la'asar. Ya kwana huɗu a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa, aka ce ƙodarsa ta ɗan taɓu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mana zafi ne, wai sauyin yanayi. Yayana ya ce wannan surutun Turawa ne, tun kaka da kakanni muke cikin rana ba ta kashe mu ba. Don Allah da gaske akwai alaƙa tsakanin sauyin yanayi da rashin lafiya? Kuma me za mu yi kafin wata bazarar?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Tambayarki guda biyu ce, ɗaya ta goyo ɗaya. Ta farko, me ya kayar da Baba a zaure ran nan. Ta biyu, ko yanayin ƙasar nan ya sauya har ya kai ga ƙara wa mutane ciwo, ko kuwa zancen masu taro a otal ne kawai. Ta farkon ba zan yanke hukunci a kanta daga wasiƙa ba, sai wanda ya ga katinsa da sakamakon gwajin jininsa da sunayen magungunan da yake sha. Amma yadda kika jero labarin, dattijo mai hawan jini, bazara, bayan la'asar, ƙarin ruwa, ƙoda ta taɓu, na sha ganin irinsa har na haddace. Ta biyun kuwa amsarta e ce, sai dai hanyar da abin yake bi ta sha bamban da yadda mutane da yawa suke zato.

Bari in fara ba yayanki haƙƙinsa. Rana ba baƙuwarmu ba ce. Sakkwato da Nguru da Maiduguri sun san digiri 40 tun kafin a haifi kowa a cikinmu. Zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa, sanƙarau, tamowa, duk gadonsu muka yi, sauyin yanayi bai ƙirƙiro ko ɗaya daga ciki ba. Aikinsa shi ne ya ƙara wa waɗannan tsofaffin abokan gaba ƙarfi, ya tsawaita musu lokacin cin kasuwa, ya rage wa mai rauni ɗan sararin da yake lallaɓawa a ciki. Bango da ma a tsage yake, yanayi ya zo yana ƙara buɗa tsagar, ƙadangare kuwa ba ya jiran gayyata.

Asalin maganar ba ta da wuyar ganewa. Sama da shekara 150 ke nan ana ƙona kwal da fetur da gas ba ƙaƙƙautawa, hayaƙin yana taruwa a sama yana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa tun da aka fara ajiye lissafi ba a ga shekara mai zafin 2024 ba, inda matsakaicin zafin duniya ya ɗara na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.5 a ma'aunin Salshiyas. Wani zai ce wannan ai bai taka kara ya karya ba. To, jikin ɗan Adam a 37 yake zama, in na ɗalibinki ya kai 38.5 ke da kanki za ki ce a mayar da shi gida. Kuma adadin nan matsakaici ne, an haɗa teku da tudu, dare da rana, ɗari da bazara. Ranakun da suka fita zakka su ne suke kwantar da mutane, kuma su ne suke ƙara yawa.

Ki tuna farkon Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton rasuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata, watan gaba ɗaya, mutum 130 aka rasa a can. Da yawa daga cikin mutum 102 ɗin sun haura shekara 60. Masanan da suka bi diddigin abin sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa zafin ranakun kimanin digiri 1.5 a Mali da Burkina Faso, na dare kuma kimanin digiri 2. Wata biyu bayan haka, a aikin Hajjin wannan shekarar, zafi ya haura digiri 51 a Makka, aka rasa alhazai sama da 1,300.

Yadda zafi ke cin mai hawan jini

Jiki hanya biyu yake bi ya fitar da zafi. Ya buɗe hanyoyin jini na fata don jini ya fito kusa da iska ya huce, sannan ya yi gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafin. Ta farko aiki ce a kan zuciya, don sai ta ƙara bugu kafin ta ciyar da fata ta kuma ciyar da ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ta biyu kuwa ruwan jiki take ci. Birkila ko ɗan dako zai iya zubar da gumin da ya kai lita 1 cikin awa guda, amma shi ƙishirwa za ta kama shi ya kafa kai a randa. Tsoho ba haka yake ba. Da shekaru suka ja, ƙishirwa takan daina yi wa mutum sallama da wuri, sai ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai bai ji komai ba, gumin ma ya ragu, zuciyar kuma ba ta da ƙarfin da.

Sai ki ɗora magani a kai. Da yawa daga cikin masu hawan jini ana ba su ƙwayar da ke sa yawan fitsari, irin su Moduretic da Lasix, wasu a haɗa musu da lisinopril ko danginsa. Magunguna ne masu kyau, sun hana mutane da yawa shanyewar ɓarin jiki. Sai dai adadin da ya yi wa mutum daidai a watan Disamba yana iya yi masa yawa a Afrilu, lokacin da gumi ke kwashe abin da ƙwayar ta rage. In kuma gwiwa ta dame shi aka sayo masa diclofenac ko ibuprofen a kemis, to an haɗa wa ƙoda abokan gaba uku a rana ɗaya. Jini ya ragu, mutum ya miƙe daga tabarma zai yi alwala, jinin bai kai ga kai ba, sai jiri, sai faɗuwa. Shi ya sa ba zan yi mamaki ba in aka duba aka ga a wannan la'asar ɗin jinin Baba sauka ya yi, ba hawa ba.

Na yi shekaru a wani asibitin karkara inda ake kashe janareta ƙarfe 12 na dare. In Afrilu ya kama, majinyata kan jawo katifu su fito baranda. Irin su Baba da magariba ake kawo su, a amalanke ko a kan babur wani ya tallafe su ta baya, 'yan uwa na cewa ya rikice, yana sambatu, bai gane kowa ba. Wasu ma an riga an fara yi musu hayaƙi a gida don an ɗauka iska ce. Ka buɗe baki ka ga harshe ya bushe kamar ƙirgi. Ka sa robar fitsari ka samu abin da bai cika kofi ba, launinsa kamar shayin da ba madara. Ka ɗaura ruwa, leda ta biyu ba ta ƙare ba sai ka ji dattijo yana tambayar wa ya kawo shi nan, kuma ina hularsa. Waɗanda aka kwana biyu ana jiran ya warware a gida kuwa, wasunsu ƙodar ba ta dawowa.

A kati kuma me muke rubutawa? Ƙoda, zuciya, shanyewar ɓarin jiki. Ni dai ban taɓa cin karo da takardar mutuwa da aka rubuta "zafi" a kanta ba, nawa hannun ma bai rubuta ba. Turai ta san ta rasa sama da mutum 70,000 a zafin 2003 ne saboda kowace mutuwa a rubuce take, sai a kwatanta da ta shekarun baya a ga rarar. Mu kuwa mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya sa a littafi. Masu haƙar kabari sun fi mu sanin watan da aka fi mutuwa. To in yayanki ya ce bai taɓa jin wanda rana ta kashe ba, bai yi ƙarya ba, sunan wani ciwon ake laƙaba wa mamacin.

Akwai kuma abin da nake so ki gaya masa game da kaka da kakanni. Kakanku a ɗakin soro ya kwana, bangon ƙasa mai kauri, rufin azara, wanda ke shanye zafin rana ya bar ciki da sanyi. In dare ya yi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko ƙofar gida. Ga kuka, ga tsamiya, ga gawo a bayan gari. Yau ɗakin bulo ne da rufin kwano, sau da yawa ba silin, taga ɗaya ƙarama, an sare itatuwan an yi girki, ba wuta, a wurare da yawa kuma tsoro ya hana kwanan waje. Ni zafin dare ya fi tayar mini da hankali a kan na azahar, domin da dare ne zuciya ke samun hutu. In aka jera dare huɗu ko biyar ɗaki bai huce ba, a nan ne tsofaffi ke fara zubewa.

Bayan tsofaffi sai masu ciki da jarirai. Wani bincike da aka yi a Gambiya kan mata 92 masu ciki da ke aikin gona, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa in zafi ya takura uwa, bugun zuciyar ɗan da ke ciki yana tashi. Bincike a ƙasashe da dama kuma ya danganta tsananin zafi da haihuwar bakwaini da haihuwar ɗa ba rai. A ɗakin haihuwa na sha karɓar jariri ɗan kwana uku jiki rau, an naɗe shi da shawul, ga hula ga safa, a ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu. A kware shi, uwa ta ba shi nono sosai, kafin awa guda zafin ya sauka. Duk da haka mukan bincika ko akwai wata cuta, don zazzaɓin jariri ba abin wasa ba ne. Kuma kada zafi ya sa a ɗura wa wanda bai kai wata 6 ba ruwa. Nono ya ishe shi, uwar ce za ta ƙara shan ruwa ta ƙara yawan ba shi.

Tunda maganar ƙoda ce ta kawo mu, kin san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da garuruwan da ke bin kogin nan naku. Masu bincike na duba ruwan sha da magungunan feshi da sauran abubuwa, zafi ma yana cikin waɗanda ake tuhuma, domin a Amurka ta Tsakiya an ga yadda ƙodar matasa masu saran rake ke lalacewa bayan shekaru suna aiki cikin rana ba isasshen ruwa ba hutu.

Ruwan da ke zuwa a fusace

Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima, kimanin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri guda. Don haka in hadari ya haɗu, abin da zai sauke ya fi na da. Wani nazari da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa manyan hadurra masu sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun farkon shekarun 1980. Manomi ya riga masana sani: a yi shuka, ruwa ya ɗauke mako uku, sannan na wata guda ya sauko a dare ɗaya.

Ke 'yar Haɗeja ba sai an ba ki labarin 2022 ba. A wannan shekarar ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 1 da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri har da asibitin koyarwa, bayan 'yan makonni aka sanar da ɓullar kwalara a Borno. A daminar 2024 ɗin dai Jamhuriyar Nijar ta rasa sama da mutum 300. Gidan talabijin yakan nuna ranar da ruwan ya zo, mu kuma aikinmu bayan ya janye yake farawa. Masai ya cika ya tumbatsa cikin rijiya. An tara mutum ɗari a ajin makaranta da banɗaki ɗaya. Sai gudawa, sai taifot, sai kwalara. Macizai sun gudo tudu inda mutane suka gudo. Mai ciwon suga da mai tarin fuka da mai hawan jini ruwa ya tafi da magungunansu da katinsu, asibitin unguwa a rufe, rigakafin yara ya tsaya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

A nan ne nake rabuwa da masu ɗora wa sauyin yanayi komai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sauyin yanayi bai cika magudanar ruwa da leda ba, bai sayar da fili a kan hanyar ruwa ba, bai bar madatsa ba gyara ba, bai hana a share ciyawar kacalar da ta toshe kogin Haɗeja ba. Kwalarar 2021, wadda aka yi zargin ta kama sama da mutum 110,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,500, Bauci da Jigawa da Kano na cikin inda ta fi tsanani, tushenta bahaya a fili ne da rashin tsabtataccen ruwan sha. Garin da ke da famfo mai kulorin da masai mai kyau ruwa zai iya cinye shi ya janye ba a ga kwalara ba. Raina yakan ɓaci in na ji mai riƙe da muƙami ya ce "sauyin yanayi ne" da irin muryar da ake cewa "ƙaddara ce", ya kaɗe rigarsa ya shiga mota. Sai dai kuma akwai zalunci a cikin lamarin da bai kamata a rufe ba: Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a wannan karon dai wani ya ja, wani ake duka.

Sauro, sanƙarau da rumbu

Maganar sauro tana da ɗan murɗiya. Ƙwayar maleriya ta fi saurin girma a cikin sauro in akwai ɗumi madaidaici, wajen digiri 25 zuwa sama kaɗan. In zafi ya yi tsanani sauron kansa ba ya daɗewa, shi ya sa yake raguwa a bazara. Ƙarin ɗumi ya fi yin illa a tsaunukan Habasha da Kenya, inda sanyi ke korar sauro a da. Mu a nan ruwa ne ke yanke hukunci: ina ya kwanta, kuma har zuwa yaushe. Pakistan ta ga misali a 2022, inda masu maleriya suka tashi daga kimanin 500,000 zuwa miliyan 2.6 bayan ambaliya. Najeriya kuwa da ma ita ke ɗauke da kimanin rubu'in masu cutar a duniya. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 duk wata a damina an tsara shi ne bisa kalandar ruwa. In damina ta ja ta shiga kaka, ko kududdufai suka ƙi bushewa, sauro zai ci gaba da aiki bayan masu rabon sun tattara kayansu. Kada a naɗe gidan sauro don an ga an fara girbi.

Sanƙarau kuma mutane kan ce zafi ne ke kawo shi. Ƙwayar cuta ce da ke zama a maƙogwaro, tana bin numfashi daga wani zuwa wani. Busasshiyar iska da ƙura sukan ƙeƙashe fatar cikin hanci da maƙogwaro su buɗe mata ƙofa, cunkoso a ɗaki ya yaɗa ta, shi ya sa annobar kan lafa da saukar ruwan farko. Amma abin da ya sauya tarihinta allura ce. A 1996 ta kama sama da mutum 250,000 a Afirka ta kashe kimanin 25,000, Kano na cikin inda aka fi jin jiki. Rigakafin da aka fara a 2010 ya kusan shafe nau'in ƙwayar da ya jawo waccan annobar, sai wani nau'in ya taso ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. A Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Duk yadda rani ya tsawaita, wanda aka yi wa allura ya fi ƙarfin ƙura.

Sai yunwa, wadda ita ce uwar sauran. Damina ta yi gardama, rumbu ya ƙare da wuri, kwanon gero ya yi tsada, yaron da aka yaye ya koma kunu tsurarsa. Yaro mai tamowa gudawar da wani zai warke a kwana biyu ita ke tafiya da shi. Rashin tsaro da tsadar kaya suna da babban kaso a wannan, yanayi ƙari ne a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa tsakanin 2030 da 2050 sauyin yanayi zai riƙa ƙara mutuwar kimanin mutum 250,000 duk shekara, ta hanyar tamowa da maleriya da gudawa da zafi kaɗai.

Shirin bazara

Mu koma kan Baba. Tun a Fabrairu, kafin rana ta buɗe, ku kai shi wurin likitansa. Ku zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da jiƙe-jiƙen gargajiya, kada a ɓoye ko ɗaya don kunya. Ku nemi a sake gwajin ƙoda, ku tambaya kai tsaye ko akwai ƙwayar da za a rage ko a sauya a watannin zafi, da wadda za a dakatar a ranar da ya yi amai ko gudawa. Kada ku tsayar masa da magani da kanku, wannan hanya ce ta shanyewar jiki. Maganin ciwon gaɓɓai irin diclofenac kuwa, mai taɓaɓɓiyar ƙoda ya yi sallama da shi. In kuna da na'urar awon jini a gida, ku auna yana zaune, ku sake aunawa bayan ya miƙe da minti ɗaya ko biyu. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ya ce yana ganin jiri, a sanar da likita.

Ruwa kada a jira sai ya nema. Abin da na ga yana aiki a gidaje shi ne a ɗaura shan ruwa da salla: ya sallame, a miƙo masa kofi, a tsaya har ya shanye. Jikoki sun fi kowa iya wannan aikin, don tsoho kan yi wa 'ya'yansa gardama amma ba ya mayar da kofin jika. Kunu, fura da nono, kankana, duk suna cikin lissafi. Ma'aunin kuma fitsari ne, in ya yi ja ko ya ƙaranta to ruwa bai isa ba. Sharaɗi ɗaya: in likita ya ce zuciyarsa ta raunana ko ƙodar ta yi nisa, shi zai faɗi adadin da zai sha, don irin waɗannan yawan ruwa na cutar da su. Ku ajiye ledar gishiri da sukari ta asibiti. In babu, lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Zauren nan, in rufin kwano ne, ya haƙura da shi daga azahar zuwa bayan la'asar, ya koma inuwar bishiya ko ɗakin ƙasa. A jiƙa mayafi a yafa masa, a riƙa shafa ruwa a wuya da hannuwa. Fanka in zafin ɗaki ya haura digiri 40 iskar tanda take hurawa, sai an jiƙa fata take amfani. Wanda ke da hali ya sa silin, ko ya shafa wa kwanon farin fenti, ko ya shimfiɗa zana a kai. Darbejiyar da aka dasa a yammacin ɗaki bana, nan da 'yan shekaru ta fi fanka. Magunguna ma zafi na lalata su, kada a bar su a taga ko a aljihun mota. Mai allurar ciwon suga da ba shi da firji ya yi amfani da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000.

Batun azumi, hukuncinsa na malamai ne, kuma sun san rangwamen da aka yi wa mara lafiya da tsoho. Nawa shi ne in ce wanda ƙodarsa ta taɓa taɓuwa ya ji ta bakin likitansa kafin watan ya kama, ya kai wa malaminsa abin da likitan ya ce. Wani sauƙin ma, azumi na matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara, yana barin bazara yana shiga hunturu.

Idan kuma abin ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, ya rikice ko ya suma jiki ya yi zafi rau, to sanyaya shi za a fara tun kafin mota ta iso. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a ci gaba da haka har cikin motar. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Wanda bai cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, wannan wani lamari ne daban, a nufi babban asibiti ba tare da ɓata minti ɗaya ba. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, kan yi gargaɗin tsananin zafi kwanaki kafin ya zo, gidajen rediyo na karantawa. A irin waɗannan ranakun ki sa ido a kansa, ki kuma duba 'yan ajinki, a taƙaita tsayuwar asambili a tabbatar randar makaranta ba ta bushe ba.

Kafin ku je wurin likitan, ki nemo takardar sallamar da aka ba ku, da sakamakon gwajin ƙodar da aka yi masa ranar da aka kwantar da shi da na ranar da aka sallame shi. Da su za a kwatanta sabon gwajin a gane ko ƙodar ta koma daidai ko akwai saura.